Mota na karkarwa idan an sa giya an taka birki: kujerar inji ce, misin ne, ko giyabos?

Ka tsaya a danja, ƙafarka a kan birki, giya tana kan D. Sai ka ji sitiyari na rawa a tafin hannunka, madubin ciki yana ɓari har ba ka ganin na bayanka da kyau, kujerar da kake kai ma tana jijjiga. Ka tura giyar zuwa N, komai ya lafa kamar an yi ruwa an ɗauke. Ka mayar D, abin ya dawo. Da aka ba da hannu ka taka totur, motar ta miƙe lafiya lau kamar ba ita ba.

Kai wannan ƙorafi wurin makanikai uku, ba mamaki ka dawo da amsa uku. Na farko zai ce fulogi ne, wato inji na misin, wata silinda ba ta ƙona mai daidai. Na biyu zai leƙa ƙarƙashin bonet ya ce kujerar inji ta mutu, wato abin da suke kira injin sit. Na uku zai girgiza kai ya ce giyabos ne ya fara ba da alama, kuma wannan ce amsar da ke hana mai mota barci. Kowannensu na iya yin daidai, domin duk ukun suna kawo karkarwa. Sai dai ba iri ɗaya suke kawo ta ba, kuma ana iya rarrabe su kafin a kwance ƙusa ko ɗaya.

A fara da cire waɗanda ba su da laifi. Motar da ke tsaye cak, tayoyinta ba sa juyawa. Saboda haka balansin taya, alaimen, lanƙwasasshen wili, faifan birki da shaf duk ba su cikin wannan shari'a. Su nasu rawar sai mota na tafiya. Duk wanda ya ce a fara da su, ya bar jaki yana dukan taiki.

Me ya sa sai an sa giya?

A mota mai giya otomatik, tsakanin inji da giyabos akwai wata tukunya cike da man giya da ake kira kwambata. Ɓangarenta ɗaya inji ke juya shi, yana feso mai a kan ɗaya ɓangaren da ke haɗe da giyabos. Idan giya na kan P ko N, wannan ɓangare na biyu yana juyawa sakaka, ba ya jan komai. Da ka sa D ka danne birki, ka tsayar da shi ke nan, inji kuma ya ci gaba da dama mai a jikin abin da ya ƙi motsi. Wannan nauyi ne. Shi ya sa allurar gudun inji ke ɗan sauka: injin fetur da ya yi zafi, wanda ke silo (wato yana aiki ba a taka totur ba) a kan juyi 750 ko 800 a minti ɗaya a P, yakan koma wajen 600 zuwa 700 a D. A lokaci guda kuma injin yana ƙoƙarin murɗa kansa a kan kujerunsa, yana danne wasu yana jan wasu.

Inji mai silinda huɗu yana tashin wuta sau biyu a kowane juyi. A kan 750, bugu 25 ke nan a daƙiƙa ɗaya. A kan 600 kuwa bugu 20, kuma kowane bugu ya fi ƙarfi tunda akwai nauyi a kai. Robar kujerun inji ta fi iya shanye bugun da ke zuwa da sauri. Idan ya yi jinkiri, ya fi ratsa ta ya isa jikin mota. Don haka sa giya ba ya ƙirƙiro cuta, tona asirin wadda take ɓoye yake yi. Kuma daga nan ne hanya ta rabu biyu: ko dai injin ne ke rawa fiye da ƙima, ko kuwa rawarsa ta kullum ce ta sami hanyar isowa gare ka. Wannan tambayar ita ce ta fi kowace muhimmanci, kuma allurar gudun inji ce ke amsa rabinta kyauta. Idan tana tsaye wuri ɗaya ba ta ko ƙiftawa amma mota na rawa, ka fi zargin kujeru. Idan tana hawa tana sauka, ko ta nutse kamar inji zai mutu sannan ta farfaɗo, matsalar tana cikin injin.

Kujerar inji

Ita na fi dadewa a kanta, domin ita ce aka fi samu da laifi idan inji na silo sumul, kuma ita ce galibi ba ta kunna kowace fitila a dashbod. A galibin motoci, na'urar kwamfuta ba ta san da ita ba sam. Motocin da injinsu ke kwance a gicciye, wato galibin masu jan gaba, suna da kujeru uku ko huɗu: ɗaya a gefen inji, ɗaya a gefen giyabos, sai ɗaya ko biyu da aikinsu shi ne hana injin tuntsurawa gaba ko baya. Wasu roba ce zalla a cikin ƙarfe. Wasu kuma akwai ruwa a cikinsu, wanda ke bi ta ƙananan ƙofofi yana kashe girgiza. Akwai ma waɗanda iskar inji ko lantarki ke sarrafawa, suna laushi a lokacin silo suna tauri a kan hanya. Honda ta daɗe tana sa irin waɗannan a wasu samfuran Accord. A irin wannan mota, ɗan siririn tiyo ɗaya da ya fita daga wurinsa ya isa ya sa kujera lafiyayya ta yi aiki kamar matacciya.

Rawar kujera tana da kamanninta. Daidaitacciya ce, kamar gurnani, ba ta tsalle-tsalle. Takan bambanta tsakanin D da R: a ɗaya ta yi tsanani, a ɗayan ta yi sauƙi ko ta ɓace, domin inji yana jingina ne a ɓangare daban a kowace giya. Wannan bambancin babbar shaida ce, tunda fulogi bai san ko gaba ka nufa ko baya ba. Sau da yawa kuma akwai wani "gum" da ake ji a lokacin sa giya, ko idan aka ɗaga ƙafa daga totur ba zato. Da sanyin safiya takan fi muni, saboda roba ta ƙage.

Gwajinta na farko da ido ne: tsagewa a roba, roba da ta rabu da ƙarfenta, ko baƙin ruwa da ya zubo ya bushe a jikin kujerar. Amma ido kan yaudari mutum. Kujera mai ruwa tana iya zama ta lotsa ƙasa har ƙarfe ya taɓa ƙarfe ba tare da ta tsage ba. Gwaji na biyu mutum biyu yake so. A buɗe bonet, a ja hambirki, a sa wa tayoyi waigi, direba ya danne birki sosai, ya sa D ya ɗan taɓa totur na daƙiƙa biyu ko uku, sannan ya yi haka a R. Mai kallo ya tsaya a gefe, kada ya kuskura ya tsaya a gaban mota ko bayanta. Inji mai lafiyayyun kujeru zai ɗan karkata ya tsaya. Idan ya ɗaga kai kamar doki, ko ya buga wani abu, ka ga inda gizo ke saƙa. Kada a daɗe ana wannan gwaji, yana dafa man giya.

Gwaji na uku shi ne wanda na fi yarda da shi. A sa jak a ƙarƙashin inji, a ɗora faffaɗan katako a kai don kada a lotsa kaskon baƙin mai, a ɗan ɗaga kaɗan kawai, daidai yadda nauyi zai ragu a kan kujeru. Idan rawar da ake ji a sitiyari ta ragu nan take, kujera ce ta lotsa. Ni kaina na taɓa canza fulogai har sau biyu a kan wata tsohuwar motata, ina ta zargin an sayar min da jabu, kafin wani dattijon makaniki ya yi wannan gwaji a gabana cikin minti biyar. Ashe kujerar gefen dama ce ta zauna tun tuni.

Tana da ƙanwa da ake yawan mantawa da ita: salansa. Idan robar da ke rataye da ita ta tsinke, ko bututun ya matsa kusa da jikin mota, da inji ya murɗa a cikin giya sai ta taɓa ƙarfe, rawar inji duka ta bi ta nan. Wannan leƙawa ɗaya ke gano shi.

Misin

Nan kuma injin ne da kansa ba ya tafiya daidai. Silinda ɗaya ba ta ƙona manta yadda ya kamata, ko dai kullum ko jefi-jefi. Rawarsa ba ta da tsari, kamar ɗingishi take. Je ka bayan mota ka saurari bakin salansa: maimakon sauti mai gudana, za ka ji "fut... fut" a tsakani, wani lokaci da warin ɗanyen fetur. A N ma yana nan, sai dai ya fi ɓuya, kuma D da R duk ɗaya ne a wurinsa. Galibi yana biyo ka kan hanya: mota na cijewa idan ka taka a hawa, tana shan mai fiye da da.

A nan ne sikana, na'urar da ke karanto lambobin matsala daga kwamfutar mota, ke biyan kuɗinta. Motocin da aka ƙera don kasuwar Amurka tun daga 1996 duk suna da tsarin OBD-II, da soket mai baki 16 a ƙasan dashbod kusa da sitiyari. A Turai an wajabta makamancinsa ga masu fetur daga 2001. Lambar P0300 na nufin misin da bai tsaya a silinda ɗaya ba. P0301 silinda ta ɗaya, P0302 ta biyu, haka har ƙarshe. Idan lambar ta nuna silinda guda, kada ka yi saurin sayen komai. Ɗauke kwayil ɗin wannan silindar, wato abin da ke ba fulogi wuta, ka musanya shi da na maƙwabciyarta, ka goge lambar, ka tayar. Idan misin ya bi kwayil zuwa sabon gidansa, shi ne mai laifi. Idan bai bi ba, yi haka da fulogi. Idan har yanzu yana nan a silindarsa, saura injekta mai feso mai ko matsin silindar kanta, wanda ake aunawa da geji. Bai kamata silinda ɗaya ta gaza 'yan'uwanta da fiye da kashi 10 zuwa 15 cikin 100 ba. Yayin da ka ciro kwayil, duba ramin fulogi. Idan baƙin mai ya taru a ciki, gasket ɗin murfin inji ne ke yoyo, kuma zai kashe sabon kwayil kamar yadda ya kashe tsoho.

Abu biyu game da fitilar inji ta dashbod. Rashin kunnuwarta ba ya wanke inji, domin ƙaramin misin na iya daɗewa bai kai adadin da kwamfuta za ta kai ƙara ba. Sikana mai kyau tana nuna ƙidayar misin na kowace silinda ko da babu lamba. Idan kuwa fitilar tana ƙiftawa, ba a kunne kawai take ba, to misin ɗin ya kai matakin da ɗanyen mai ke ƙona matatar hayaƙi ta cikin salansa. Wannan ba ya jiran ƙarshen wata. A cikin duk abubuwan da muke kwatantawa, shi kaɗai ne ke cin wani abu mai tsada a kullum da ka ƙyale shi.

Silo da ya yi ƙasa, da iskar da ke shiga ta ɓarauniyar hanya

Akwai aji na uku da ke tsakanin waɗancan biyun, kuma shi ne ya fi rikita mutane. Duk silindoji na aiki, kujeru ma ba laifi, amma inji ba ya iya riƙe silonsa idan aka ɗora masa nauyi. Ka sa D allura ta faɗi zuwa 500 ko ƙasa, mota ta kama ɓari. Ka kunna na'urar sanyaya ko manyan fitilu, abin ya ƙaru. Ɗan taɓa totur kaɗan, ƙafar hagu na kan birki, ka kai allurar 800: idan rawar ta ɗauke gaba ɗaya, ƙarancin silo ne.

Mafi yawan lokaci baƙin datti ne ya taru a maƙogwaron totur, inda farantin ke barin 'yar ƙofa siririya don iskar silo. A tsofaffin motoci masu totur na waya akwai wani bawul dabam da ke wannan aiki, shi ma yakan toshe. Wankewa ke gyara su. Sai dai a motoci da yawa masu totur na lantarki, bayan wanki sai an sake koya wa kwamfuta matsayin silo, in ba haka ba ka fita daga silo mai ƙasa ka faɗa silo mai sama. Lambobinsa P0505, P0506 da P0507. Raunin caji ma na iya jawo shi. Batir ya kamata ya nuna wajen bolt 13.5 zuwa 14.5 idan inji na aiki.

Ɗaya fuskar ita ce yoyon iska. Injin fetur yana son iska kashi 14.7 a kan mai kashi 1 ta fuskar nauyi, kuma a motoci da yawa kwamfuta na auna iskar da ta shigo ta ƙofa ne kawai. Wadda ta shigo ta tsagaggen tiyo ko gasket da ya saki ba ta cikin lissafi. A lokacin silo, da yake iskar da ake buƙata kaɗan ce, 'yar wannan ɓarauniyar tana da tasiri sosai. Da an taka totur sai ta ɓace a cikin yawa. Shi ya sa mota ke rawa a tsaye ta warke a tafe. A sikana, duba adadin ƙarin man da kwamfuta ke yi, wanda ake rubutawa LTFT. Idan ya haura kashi 10 cikin 100 a silo, ya kuma sauko kusa da sifili da aka riƙe inji a 2,500, yoyon iska ne kusan ba tantama. Lambar da ke rakiyarsa P0171 ce, da P0174 a inji mai layi biyu. Gwajin hayaƙi ya fi aminci wajen gano ramin. Masu fesa abin wanke kafireto a jikin inji mai zafi suna samun amsa, amma da wuta suke wasa. Bawul ɗin EGR, mai mayar da ɗan hayaƙi cikin inji, da ya maƙale a buɗe shi ma haka yake yi, sai dai shi hayaƙi yake turowa a lokacin da bai kamata ba.

Ga wani tarko da na ga ya kama mutane da dama. Duk lokacin da kake tsaye a D, ƙafarka na kan birki. To, wa ya ce giyar ce, ba birkin ba? Baƙar tukunyar nan da ke bayan fedar birki, busta, da zuƙar iskar inji take aiki. Idan fatar cikinta ta huje, taka birki na buɗe wa iska hanya zuwa inji. Gwajin daƙiƙa goma ne: bar giya a P, ka taka birki ka riƙe. Idan silo ya rikice, ko ka ji huci a ƙarƙashin dashbod, ko fedar ta yi tauri, ka wanke giyabos daga zargi. Wannan kuma batun tsayawar mota ne, ba a ɗaga masa ƙafa.

Giyabos

Shi ne na ƙarshe a layi, ko da yake shi ake fara tsoro. A cikin kwambata akwai wani kuloci da ke kulle ta idan mota ta miƙe a kan hanya. Idan ya maƙale bai saki ba, mota za ta yi kamar mai giyar hannu da aka tsaya ba a taka kuloci ba: ta yi fizge-fizge yayin tsayawa, ko inji ya mutu da zarar an sa D. Wannan ba 'yar rawar sitiyari ba ce, ba ya ɓuya. Rawar da aka fi sanin kwambata da ita ma a tafe take zuwa, a matsakaicin gudu da totur kaɗan, kamar ka hau kan gargada. Lambobin P0740 zuwa P0742 ke nuna wannan yanki. Duba man giya bisa yadda littafin motar ya tsara: idan ya yi ƙasa, ya yi baƙi, ko yana ƙauri, ko kuma giya na jinkirin kamawa, to zargin ya sami ƙafa. Idan man na da kyau, giya na shiga sumul, babu lamba, ni ba zan yarda a sauke giyabos saboda rawar silo kawai ba.

Mai giyar hannu kuwa, idan rawar na zuwa ne da ya taka kuloci ya sa giya, ya duba ko kulocin ba ya saki gaba ɗaya. Mai dizal ba shi da fulogin wuta, nasa misin galibi daga injekta yake.

To, a ina za a fara sa kuɗi?

Idan aka jera su, gwaje-gwajen kallon allura, kwatanta D da R, taka birki a P, da kashe na'urar sanyaya ba sa cin komai sai minti goma, kuma su ke nuna maka layin da za ka bi. Bayansu sikana, ko da fitila ba ta kunnu ba. Sayen fulogi don gwaji yana da uzuri ne kawai idan lokacin canza su ya yi da ma: na gargajiya sukan kai kilomita 30,000 zuwa 50,000, masu kan iridiyam kuma 100,000 ko fiye. Sayen kujeru don gwaji kuwa ba shi da uzuri, tunda jak da katako na ba da amsa.

A tsohuwar mota ba abin mamaki ba ne a sami biyu a haɗe, ƙaramin misin da gajiyayyar kujera, kowanne na ƙara wa ɗan'uwansa murya. A nan inji ake fara gyarawa. Sabuwar kujera za ta rufe rawar na ɗan lokaci, misin na ci gaba da ɓarna a ɓoye, yana kuma tsufar da ita kafin lokacinta. Ita kuwa gajiyayyar kujera tana iya jira 'yan makonni, muddin ba ta tsinke ba; wadda ta tsinke tana barin inji ya ja tiyo da wayoyi da bututun salansa.

Kada kuma a ɗora wa mota abin da ba ta taɓa iyawa ba. Inji mai silinda huɗu a jere yana da wata girgiza ta asali a ƙirarsa, wadda ta sa ake ƙara wa manyansu sandunan daidaito a ciki, dabarar da Mitsubishi ta yaɗa a shekarun 1970. Mai silinda uku ya fi shi motsi, mai shida a jere ya fi su natsuwa. Ɗan motsi a sitiyari lokacin da kwamfresar sanyaya ta kama ba ciwo ba ne. Ma'aunin shi ne yadda motarka take a da.

Idan hukunci ya faɗa kan kujera, a sa irin wadda aka cire. Maye gurbin mai ruwa da ta roba zalla na iya barin motar tana rawa fiye da yadda ta zo, sai mai ita ya ɗauka ba a gano ciwon ba. Wajen ɗaurawa kuma, kada a ƙulle ƙusoshin tun inji na rataye a kan jak. A sa su sako-sako, a sauke injin ya zauna da nauyinsa, a ɗan girgiza shi ya sami mazauninsa, sannan a ɗaure kowace ƙusa da ƙarfin da kamfanin motar ya ƙayyade.